Hattara da mai tallan hoton fuska na lino a Instagram

Jama'a don Allah duk mai shirin ba da aikin hoton fuska na lino, wato wanda ake sassaƙawa a kan allo mai kamar leda a buga a takarda, ya tsaya ya karanta wannan tukuna, ni dai an cinye min dubu 45 ina ji ina gani. Wani shafi ne a Instagram, ba zan kama suna ba don sau biyu yana canja suna cikin wata ɗaya, yana talla wai ka turo hoton mutum zai sassaƙa maka da hannu ya buga. Ni kuma dama na daɗe ina son na kakarmu Allah Ya jiƙanta, irin baƙi da farin nan. Na tura kafin alƙalami dubu 25, bayan sati biyu ya ce aiki ya kammala in cika, na cika, ya ba direba a tasha.

Wallahi da na buɗe har na ji daɗi, sai da ƙanwata da ta yi karatun zane a ABU Zariya ta zo ta ɗauka ta shinshina ta shafa bayan takardar ta ce Yaya an yi maka sakiyar da ba ruwa, wannan firinta ce ta buga shi. Ta lakato ruwa da yatsa ta ɗiga a gefe, nan take baƙin ya zube.

Ita ta fahimtar da ni yadda abin yake. Lino kamar ledar ɗaki ce ta da mai kauri, ana zana fuskar a kai sannan a bi da 'yar wuƙa mai baki kamar V a kankare duk inda ake son fari ya fito, kusan yadda ake sassaƙar ƙwarya, sai a shafa tawada da rola a ɗora takarda a murza da bayan cokali ko a sa a inji. Shi ya sa na gaske za ka ji tawadar ta ɗan tasa a kan takarda, ka ga 'yan layukan da wuƙa ta bari a farin wuri, kuma a ƙasa mai aikin zai sa hannu da fensir ya rubuta lamba kamar 3/20, wato na uku cikin ashirin. Nawa har sa hannun ma bugawa aka yi! Ta ce aikin na da daraja, Picasso, shahararren mai zanen nan ɗan Sifen, ma ya yi hoton fuskar wata mata da lino a 1958, ga Bruce Onobrakpeya, mai zane namu na Najeriya da ya yi karatu a Zariya, ya daɗe yana aiki da shi, shi ya sa 'yan damfara suka samu ƙofa tunda yanzu akwai manhajar waya da ke mai da hoto kamar sassaƙe cikin minti ɗaya.

Ta ce in nemi ya nuna min allon da ya sassaƙa. Ya turo hoto kuwa, nan ya ƙarasa tona kansa. Allon lino kamar hatimi ne, komai a juye yake fitowa, kakarmu tana da tabo a kumatun hagu to a kan allo dole ya koma ɗaya gefen, amma a nasa tabon na nan inda yake a takarda, ashe hoton ya liƙa a kan allon wani. Ina faɗa masa haka ya yi bulokin ɗina.

In har za ku ba wani irin wannan aiki ku ce ya yi bidiyo yana ɗaga takardar daga kan allon da fuskar mutuminku a jiki, kuma kar ku cika kuɗi sai kun gani. Na kai ƙorafi banki da rasit ɗin turawar, ina jira. Wanda shi ma ya faɗa hannunsa ya min magana ta inbos mu haɗa shaidu, lambar asusun dai bai canja ba.