Magtrace: ra'ayina kan allurar maganaɗisu ta tiyatar kansar mama

Ni ma'aikaciyar jinya ce a ɗakin tiyata na wani asibiti a Ingila, kuma ina cikin masu miƙa wa likita kayan aiki a tiyatar kansar mama. Cikin kayan da suka sauƙaƙa mana aiki, babu wanda ya kwanta mini a rai kamar Magtrace, na kamfanin Endomag da ke birnin Kambirij a Ingila.

Ruwa ne baƙi-baƙi a 'yar kwalba. A cikinsa akwai ƙwayoyin ƙarfe dangin tsatsa, an lulluɓe su da wani nau'in sukari, kowace ƙwaya girmanta kusan nanomita 60, wato kaurin silin gashi ya ninka ta wajen sau dubu. Kansar mama in za ta yaɗu, a kaluluwar farko ta hammata takan fara sauka. Ita kaɗai likita yake son cirowa a gwada, domin kwashe su duka shi ke barin mace da kumburarren hannu na shekaru. Idan aka yi allurar a mama, ruwan sai ya gangara ya taru a wannan kaluluwa.

A kan tebur, likita yakan ɗora sandar na'urar Sentimag, mai gano ƙwayoyin ƙarfen ta hanyar maganaɗisu, a hammata yana zagayawa a hankali. Yana kusantar wurin sai ƙarar na'urar ta ƙaru, lambar da ke fuskarta ta yi ta hawa. Da ya buɗe, sau da yawa kaluluwar ta riga ta rine ta koma ruwan ƙasa, ido ma ya gan ta. A lokacin nan nakan janye duk wani ƙarfe da ke kusa, in miƙa masa na roba, don ƙarfe na rikita lissafin.

Abin da ya fi burge ni shi ne lokaci. Tsohuwar hanya ta dogara da sinadarin teknetiyam mai tururin nukiliya, wanda rabin ƙarfinsa ke tafiya duk bayan awa 6, sai kuma shuɗin rini da jikin wasu ke ƙi har numfashi ya sarƙe. Dole a yi ta tsere da agogo. Magtrace kuwa ana iya yin allurarsa minti 20 kafin aiki, ana iya yi da kwanaki. Baiwar Allah da za a shiga da ita da sassafe ba sai an yi ta yawo da ita daga wannan sashe zuwa wancan ba, ga yunwa ga fargaba. Hukumar FDA mai kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da shi a 2018, NICE, hukumar da ke tantance hanyoyin magani a Ingila, kuma ta ba da shawarar amfani da shi a 2022, musamman a asibitocin da samun sinadarin nukiliya ke yi musu wuya. Wannan ya sa nake yi wa gida kwaɗayinsa, domin a Najeriya asibitocin da ke da sashen nukiliya ƙalilan ne. Sai dai amfaninsa na ga wadda ta zo da wuri, kafin ciwon ya cika hammata.

Mata kan tambaye ni ko jikinsu zai riƙa jan ƙarfe. A'a. Ƙwayoyin ba sa zama maganaɗisu sai an kawo maganaɗisu kusa da su. Danginsu ne aka amince da su a Turai a 2010 don ƙona kansar ƙwaƙwalwa, inda ake zuba su cikin kansar, na'ura ta sa su ɗau zafi. Magtrace bai yin wannan. Nuna hanya kawai yake yi.

Yana da nasa cikas, kuma likitoci ba sa ɓoyewa. Yakan bar tabo mai duhu a fata na watanni. Wanda ya fi wannan nauyi shi ne, ƙarfen da ya rage a mama yana yi wa hoton MRI, wato hoton cikin jiki da ake ɗauka da maganaɗisu, inuwa na tsawon lokaci. Don haka duk wadda aka ce za a riƙa bibiyarta da MRI, ta tayar da maganar tun kafin a cake ta. Ba a kuma yi wa wadda ƙarfe ya yi wa yawa a jiki, saboda haka 'yar uwa mai sikila da ta sha ƙarin jini ta faɗa wa likita tun zaman farko, a auna mata ƙarfen jikinta tukuna.