Kyamarar da na saya da kuɗin riɗi

Assalamu alaikum Yaya. Da fatan kuna lafiya, da Inna da Baffa da yaran gida baki ɗaya. Ya aka ji da hunturu? Kuɗin sun shigo, Allah Ya saka da alheri, Ya mayar da ninkinsu. Na san riɗin bana ne ka kai kasuwa, kuma na san akwai wuraren da suke jiran kuɗin nan a gida, shi ya sa na ga ya wajaba in zayyana maka yadda aka yi da su.

Ka tuna Nikon D3300 ɗin da ka rako ni birni muka saya kafin in taho Ingila? Ba ta yi mini laifin komai ba. A waje da rana hotonta fes yake. Matsalarta ɗaki. Ka duba hotunan da na ɗauka ranar kamun 'yar Gwaggo: amarya na zaune a ƙuryar ɗaki, haske ɗaya ne yake shigowa ta ƙofa, lallen da aka kwana ana zana mata ya fito dishi-dishi kamar an yayyafa yashi a kan hoton. Da na kunna filasha kuma sai fuska ta yi fari fat, tsofaffi suna kare ido. Malamata a nan ta daɗe tana kallon hotunan, sannan ta ce aikina yana cikin ɗakunan nan da namiji ba ya shiga, don haka in nemi kyamarar da ke gani a duhu. Maganar ta zauna mini, domin abin da ya kawo ni karatun ke nan. Masu ɗaukar hawan Sallah a Ringim da Haɗeja suna da yawa. Masu ɗaukar abin da ke faruwa a cikin gida, daga wankan amarya zuwa jere, su ne babu.

Na ɗauka yawan megafiksel ne ke gyara hoto, kamar yadda masu shago suke faɗa mana. Ashe tsohuwar tawa da wadda na saya duk 24 ne. Bambancin yana ga faifan da ke karɓar haske a ciki, wanda suke kira sensa. Na tsohuwar bai kai milimita 24 a tsawo ba, faɗinsa kuma bai cika 16 ba. Na wadda na saya kuwa 36 ne da 24, wato ya ninka shi fiye da sau biyu. Kamar ka shanya tabarma ne da ledar sallah a ruwan sama ɗaya, ka san wadda za ta fi jiƙa. Sai kuma idon kyamarar, gilashin gaba. Wanda ya zo da tsohuwar, idan aka jawo abu kusa, ƙofarsa tsukewa take yi zuwa f/5.6 (lambar f ma'aunin ƙofar ce, duk yadda ta ƙaru ƙofar na ƙara tsukewa). Ƙaramin ido mai milimita 50 da f/1.8 yana shigar da haske kusan ninki goma na wancan, kuma yana cikin mafi araha.

Abin da ya burge ni a nan shi ne ban sayi komai a makance ba. Makarantarmu tana da ɗakin ajiyar kaya, ɗalibi ya nuna katinsa ya ari kyamara ya je ya gwada. Na ari marar madubi, wato kyamarar da ba ta da ɗan madubin da ke gaban sensa a ciki, irin wadda kowa yake yayi yanzu, na yi kwana uku da ita. Wallahi Yaya ta shiga raina. Ba nauyi, kuma tun kafin ka danna kana ganin yadda hoton zai fito. 'Yan ajinmu kusan duk can suka karkata, wasu Sony A7 III, wasu Nikon Z6, duka fitowar 2018.

Amma ni garinmu nake tunawa. Z6 an ƙiyasta batirinta a kan hoto 310 a caji ɗaya. Nikon D750, mai madubi, da ta fito tun 2014, nata ƙiyasin 1,230 ne. Su a nan ba su san wannan lissafin ba, soket yana ko'ina, har a cikin jirgin ƙasa. Mu da sai an aika yaro da batir wajen mai sola a bakin kasuwa, biki kuma kwana uku ake yi ana abu ɗaya, wannan ba ƙaramin bambanci ba ne. Ga ƙura. Marar madubi da zarar ka cire ido, sensa a buɗe yake yana kallonka. Ka kwatanta wannan a watan Janairu a tsakar gidanmu, ana share-share, iska tana kaɗawa. Mai madubi ita ma ƙurar tana shiga, amma aƙalla akwai abin da ya tare gaba. Na ukun shi ne memori. D750 tana cin kati biyu na SD, irin wanda ake samu a Kano, kuma tana iya ajiye kowane hoto a duka biyun lokaci guda. Z6 ta farko rami ɗaya gare ta, katin ma wani iri ne mai tsada. Ranar aure ba a maimaita ta, ba zan iya zuwa in ce wa uwar amarya kati ya lalace ba.

Don haka D750 na saya, ta hannu. Abin da muke kira landan-yus a gida, ga ni na saye shi a inda yake fitowa. Yadda suke sayar da kayan hannu ya bambanta da namu ƙwarai. Kowace kyamara an ɗauki hotonta ta kowane gefe, an nuna inda ta ƙarce, an rubuta sau nawa ta ƙifta tun da aka ƙera ta, kamar yadda ake duba kilomitar mota. An ƙera marufin hasken wannan don ya kai ƙiftawa 150,000, tawa kuwa ba ta ci kashi ɗaya cikin biyar ba. Sun ba ni garanti a rubuce. Dokarsu kuma ta ce wanda ya sayi kaya daga kamfani ta intanet yana da kwana 14 da zai iya cewa ya fasa, ko da babu abin da ya same shi. Na tuna cajar da muka taɓa saya a wani shago a birni, ta ƙone a daren farko, mai shagon ya ce kaya ya riga ya bar hannunsa.

Sai dai ba a tayi. Ba "sallama", ba "albarka", ba wanda zai rage maka don ya san Baffa. Abin da aka rubuta shi za ka biya, da harajin kashi 20 da suke ɗorawa kan yawancin sababbin kaya tun a cikin farashin. Gyara kuma a nan ne muka fi su nesa ba kusa ba. Ƙawata murfin batirinta ya karye, sai da ta aika kyamarar ta gidan waya, ta jira makonni, kuɗin aikin ya fi na murfin. A gida da tana zaune a benci mai gyara zai haɗa mata shi. Su matsalarsu danshi ne, yana sa wa gilashi fumfuna daga ciki, shi ya sa sai da na haska idon da na saya da tocila kafin hankalina ya kwanta.

Ragowar kuɗin na sayi ido mai milimita 50 ɗin, da batir na biyu, da kati biyu, da 'yar robar hura iska ta kore ƙura. Cajar bakinta uku ne irin namu, ba sai an nemo mata komai ba. Jiya da magariba na gwada ta a ɗakina, fitila a kashe, sai hasken taga. Na ɗauki hannuna riƙe da carbin da Inna ta ba ni, kowane ɗa ya fito, har zaren da ya fara tsufa.

Tsohuwar ban sayar ba, zan taho wa Auta da ita tunda yana so. Ka faɗa wa Gwaggo idan an sa ranar ƙaramar tata a sanar da ni da wuri, in ga ko zai dace da hutunmu. A gaida Inna, a ce ina neman addu'a, jarrabawa ta matso.

Ƙanwarka.