Kalifarka ta asali ko tokumbo? Ni dai gyara nake cewa

Malam ni a gyara zan ce ka tsaya. Tunda kace tayar baya guda ɗaya ce ke zafi da ƙauri kuma bakanikenka yace a sayo wata kalifar, wato ƙarfen birkin nan dake matse fad (takalmin birki) a jikin diskin taya, toh dakata tukuna kar ka fidda ko sisi, don ni dukka biyun na taɓa su da kuɗina, na sayi tokumbo, wato tsohuwa da aka shigo da ita daga waje, na kuma gyara tawa ta asali, kuma har gobe ta asalin ce a jikin motar.

Tawa Accord ce 2005, wadda ake ce wa EOD. Da damina ne, na ratsa ruwa da ita wajen Oshodi a Legas ruwan ya kai rabin taya, bayan kwana biyu na ja hambirki na ajiyeta a Agege na tafi gida Arewa, sai da nayi kusan sati uku. Dana dawo na tasheta ba wata matsala, amma ina hawa gadar Third Mainland naji motar tayi nauyi kamar wani ya riƙe mata ƙafa, in na ɗaga ƙafa daga totur maimakon ta ci gaba da gangarawa sai ta rage gudu da kanta. Kafin in kai Obalende ƙauri ya cika min mota, na tsaya na kai hannu kusa da wilin hagu na baya, wlh ban ma taɓa ba zafin ya bugi tafin hannuna, na dama kuwa lafiya lau. Mai ma a satin nan ta sha shi ba na wasa ba.

Bakaniken farko ko kwanceta bai yi ba yace kalifa ta mutu. Na bada kuɗi aka sayo tokumbo, wata uku bata rufa ba ta fara tsiyayar man birki. Abin da zan iya cewa a kanta kenan. In taka ta tsage ko zaren nipil ɗinta, ɗan notin da ake fidda iska ta nan, ya lalace ko ramin fiston, ƙarfen dake tura fad, ya ci tsatsa har yayi rami-rami, toh ba yadda zakayi sai ita, amma ka sani ƙarfe ne da wataƙila ya shekara goma sha wani abu a ƙasar da ake zuba gishiri a titi saboda ƙanƙara, robobin cikinta ma sun tsufa kamar naka.

Allah ya taimake ni ban bar tsohuwar a gareji ba, tana but a cikin leda. Wani abokina direba ya kaini wajen wani dattijo Bayarabe nan Agege, Baba muke ce masa, Hausa a bakinsa kamar ɗan Zango. Mutumin nan ya karɓi kalifar ya zauna a kan benci ya shimfiɗa tsumma a cinyarsa. Akwai fin guda biyu da kalifa ke zamewa a kansu, ya ja na farko da yatsa biyu ya fito sumul, na biyun kuwa sai da ya sa filaya yana murɗawa yana ja kafin ya fito, jajawur da tsatsa, giris ɗin ya bushe ya koma kamar ƙasa. Sai ya buɗe min ƴar robar dake rufe bakin fin ɗin ya nuna min tsaga, bata fi tsinin farce ba, yace Alhaji ta nan ruwan ya shiga. Robar bakin fiston ma ta yage gefe guda. Ya aika yaronsa ya sayo kit, wato robobin ciki da na waje, ya goge ramin fin tas, ya wanke komai da man birki ba da fetur ba, don fetur kumbura roba yake, ya duba fiston a hasken rana yana juyawa yace wannan bai yi rami ba zai koma, da yayi rami da shi kaɗai zamu canja. Ya shafa giris na silikon a fin, ba baƙin giris ɗin da ake sa wa boris ba, shi ma wancan cin roba yake. Kuɗin kit da aikinsa gaba ɗaya basu kai abin da na zubar a tokumbon ba, kuma tun ranar wilin nan bai sake zafi ba. Allah ya saka wa Baba da alheri, har yanzu in na wuce sai na tsaya mun gaisa.

Amma kafin ma a kai ga kwance kalifa, ka tsaya a kansu suyi wannan gwajin a gabanka, minti goma ne. A ɗaga motar a jak, a sa dutse a tayoyin gaba, a sauke hambirki, a taka birki da ƙarfi sau uku huɗu a saki, sai a juya tayar da hannu. In ta ƙi juyawa a sassauta nipil ɗin da ake fidda iska. In mai yayi tsartuwa kuma tayar ta saku nan take, toh kalifarka bata da laifi, mai ne ya shiga ya kasa komawa, kuma yawanci tiyon robar nan dake kawo mai ne ya rufta daga ciki, ta waje zaka ganshi garau. Mutane da yawa sun sayi kalifa a banza saboda wannan tiyon. In kuma an buɗe nipil taya tana nan a riƙe, sai a duba ƴar sandar hambirki dake bayan kalifar, ta koma mazauninta ko kebul ne ya ƙage ya riƙeta? A cire kebul ɗin a gani. Bayan nan sai fin, sai fad ɗin kansu don wani lokacin tsatsa ce ke cika inda kunnuwansu ke zama su kasa motsi, fiston shi ne na ƙarshe. Ka kalli fad ɗin ma da idonka, in ɗaya ya cinye ɗaya na nan da kauri, ko ya cinye a karkace, mafi yawa fin ne.

Abu ɗaya dan Allah ka kula dashi. Motoci irin Accord da Golf, hambirkinsu a cikin kalifar baya yake, fiston ɗinsu murɗa shi ake yana shiga kamar noti, ba a matse shi da ƙarfi. In kaga yaron gareji ya ɗauko kilam, wato ƙarfen matsi, ko ƙarfen taya zai danna shi ka hana shi, zai lalata abin dake ciki ne ya jawo maka sayen kalifar da kake gudu. Camry irin Muscle ita hambirkinta daban yake a cikin diski, fiston ɗinta turawa ake kai tsaye. In diskin yayi shuɗi-shuɗi ko kana jin birki na rawa a ƙafa zafi ya taɓa shi, kuma kar ka watsa masa ruwa yana da zafi. Fad kuwa a canja na tayoyin baya dukka biyu tare, a zubar da tsohon man birki a sa sabo DOT 3 ko DOT 4 yadda aka rubuta a murfin, don man birki jan ruwa yake daga iska, balle iskar Legas, shi yasa ake cewa duk shekara biyu a canja.

In kuma ya zama dole sai ka shiga Ladipo, kasuwar kayan gyaran mota ta Legas, toh kar ka bi ƴan barandan dake tare mutum tun daga bakin titi suna oga me kake nema, ka shiga shago mai lamba ka karɓi rasit da sharaɗin dawowa in bata yi ba. Akwai masu ɗaukar wadda aka cire a motar nan gida su wanke da fetur su fesa mata fenti suce daga kwantena ta fito. Duk kalifar da kaga tana ƙyalli har kan robarta da fenti ajiyeta. Ka ɗaga robar bakin fiston ka leƙa, ka ja fin ɗin da hannunka, ka danna sandar hambirki kaga tana dawowa da kanta. Ka tafi da taka a hannu ku jera su, kuma hagu daban dama daban, nipil dole ya kasance a sama in an ɗaura, in ya koma ƙasa iska bazata taɓa fita ba birki zai yi ta laushi. Tsohuwar kuma ka karɓi abarka, kar ka yarda da oga bar ta nan ai kwandem ce, don irinta ake gyarawa a sayar wa wani.

Kai dai sayi kit da giris na silikon da man birki gwangwani ɗaya, ka nemi dattijon bakanike mai haƙurin zama ya kwance, ba mai saurin cewa a sayo ba. Kuma kafin a gyara kar ka hau doguwar hanya da ita, zafin nan yana tafasa man birki ka taka kaji fedal ya tafi ƙasa. In kana ɓangaren Agege yi min magana ta gefe in kwatanta maka wajen Baba.