Kwas ɗin koyon jawabi ko na sadarwa a wurin aiki: wanne ya dace ka zaɓa?

Kafin ka cike fom, ka fara tambayar masu shirya kwas ɗin sau nawa ɗalibi zai miƙe ya yi magana a gaban aji, kuma wa zai yi masa gyara. Sunan jami'a da kyan takardar shaida duk bayan wannan suke zuwa, domin da baki ake koyon jawabi, zaman sauraron lacca ba ya isa.

Lissafin ba shi da wuya. Kwas na zango ɗaya yakan ɗauki kusan mako 15, awa 3 a mako, wato awa 45. Idan ɗalibai 25 ne, kowa ya yi jawabin minti 7 aka yi masa gyara na minti 3, zagaye ɗaya ya ci minti 250, awa 4 da 'yan kai. Irin wannan aji zai ba ka damar tashi sau huɗu ko biyar, malami kuma ya samu lokacin koyarwa. In ɗaliban 200 ne, zagaye ɗaya tak ya haura awa 33. Abin da ke biyo baya sananne ne: a raba ku goma-goma, mutum ɗaya ya yi magana a madadin sauran. Mai baki shi zai karɓe, wanda muryarsa ke rawa, wanda dama don shi aka buɗe kwas ɗin, ya laɓe a baya yana riƙe takarda.

Kwas iri biyu ne ake yawan cuɗa su. Na jawabi yana koyar da tsayuwa gaban taro: jawabin gabatar da kai, na bayani, na jan ra'ayi, da na nan take. A nan za ka haɗu da tsarin Alan Monroe na Jami'ar Purdue mai matakai biyar: ka ja hankali, ka nuna matsala, ka kawo mafita, ka sa mai sauraro ya hango sakamako, sannan ka faɗi abin da kake so ya yi. Na sadarwa a wurin aiki kuwa ya fi karkata ga rubuta imel da rahoto, jagorantar mitin, amsa tambayoyin intabiyu, da yadda za ka nuna wa na ƙasa da kai kuskurensa ba tare da ka muzanta shi ba. Wanda matsalarsa bugun zuciya ce da ɗaukewar kalmomi, na farko ya dace da shi. Wanda yake zuba a taro amma imel ɗinsa sai an kira shi an tambayi me yake nufi, na biyu zai nema.

Kwas na intanet, irin wanda Jami'ar Washington take da shi a Coursera, yana da sauƙin lokaci, kuma yana koyar da tsara jawabi yadda ya kamata. Rauninsa biyu ne. Sau da yawa 'yan'uwanka ɗalibai ne ke duba aikinka, kuma kana iya sake ɗaukar bidiyo sau goma har ya yi kyau, alhali a gaban mutane sau ɗaya ake yi. Ga mai yawan mitin ta Zoom dai ba laifi, don zai saba kallon kyamara. Ka tabbatar ko takardar kammalawa kawai za a ba ka, ko makin zai shiga lissafin digirinka, don ba ɗaya ba ne.

Akwai kuma Toastmasters, wadda ba jami'a ba ce, ƙungiya ce da Ralph Smedley ya kafa a Kalifoniya a 1924. Jawabi a can yawanci minti 5 zuwa 7 ne, na nan take minti 1 zuwa 2. Mai lura da lokaci yana nuna kore, ruwan ɗorawa, sannan ja, wani kuma yana ƙirga duk "eh" da "am" da suka kuɓuce maka. Wajen yawan atisaye da wuya kwas ya kamo ta, sai dai masu gyaran mambobi ne irinka, ingancin ya danganta da reshen da ka faɗa. Bitar kwana biyu kuwa ta fi amfanar wanda ya riga ya iya, yana son goge wani abu guda.

Ka nemi manhajar kwas ɗin da takardar ba da maki tun kafin ka biya. Idan fiye da rabin makin na jarrabawar rubutu ne, tarihin jawabi za ka koya. Takarda mai kyau tana raba maki tsakanin tsari, hujja, murya, haɗa ido da kiyaye lokaci. Ka tambaya ko ana ɗaukar jawabin ɗalibai a bidiyo a ba su. In ana yi, ka fara kallon naka ba sauti, ka lura da hannunka da inda idonka ke zuwa, sannan ka saurara ba tare da kallo ba, ka ƙirga sau nawa ka ce "wato" a minti ɗaya.