Aikin hunturu a wani otal a Val Thorens: tauraro 3 cikin 5, kuma ɗakin kwana ne ya cinye sauran

Jama'a tunda an dame ni da tambaya a kan aikin kakar sanyi da na yi a tsaunukan Alps na Faransa, bari in zauna in faɗa muku yadda na gan shi tsakani da Allah. Otal ɗin ba zan kama sunansa ba, amma yana Val Thorens ne a yankin Savoie, kuma kakar 2024 zuwa 2025 nake magana. Na ba su tauraro 3 cikin 5. Aikin kansa da biyan kuɗi da abinci sun isa 4, wurin kuwa ko 5 aka ba shi ba a yi ƙarya ba, amma masaukin da suka zuba mu a ciki shi ya ja su ƙasa, kuma a irin wannan aikin masauki ba ƙaramin abu bane, shi ne kusan komai.

Ga wanda bai san wurin ba, Val Thorens ƙauye ne da aka gina musamman saboda wasan zamiya a kan dusar ƙanƙara a farkon shekarun 1970, yana kan tsayin mita 2,300, babu wurin zamiya a Turai da ƙauyensa ya kai shi tsayi. Yana cikin yankin da ake kira Les Trois Vallées, wanda ya haɗa da Méribel da Courchevel da Les Menuires, hanyoyin zamiyarsu gaba ɗaya kilomita 600. Saboda tsayin nan suna buɗewa tun ƙarshen Nuwamba har farkon Mayu, toh kakarsu ta fi ta yawancin wurare tsawo, kuma wannan riba ce ga ma'aikaci domin wata ɗaya na ƙarin albashi ba wasa bane. Jirgin ƙasa iyakarsa Moûtiers a can ƙasan kwari, daga nan bas za ka hau kusan awa ɗaya yana ta kwana-kwana da kai yana hawa.

Maganar takardu in gama da ita da wuri domin nan ne ake cutar mutane. Ni dama ina zaune a Faransa da izinin aiki, don haka kwantiragin aikin kaka kawai suka ba ni. Wanda zai taho daga wajen Tarayyar Turai kuwa, mai ɗaukarsa aikin ne ke neman masa izinin aiki, sannan akwai katin zama na ma'aikacin kaka da ke kaiwa shekara 3 amma ba ya barinka ka wuce wata 6 a cikin kowane wata 12. Ɗalibi kuma awa 964 doka ta ba shi a shekara, ba zai iya cikakkiyar kaka ba sai dai hutun Kirsimeti ko na Fabrairu. Otal ɗin nan bai karɓi ko sisin kowa ba kafin ya ɗauke shi, haka kuma ya kamata, duk wanda ya ce ka turo kuɗi ya samo maka gurbi a tsauni ka yi nesa da shi.

Aikina wanke-wanke ne a kicin, ran Asabar kuma a ja ni gyaran ɗakuna. Asabar ita ce ranar da baƙin mako ke fita sababbi ke shigowa, duk a wuni ɗaya, toh ka ga mutum ya cire zanin gado ya shimfiɗa wani ya wanke banɗaki ya ɗebe gashi daga magudana ya goge madubi ya ruga ɗaki na gaba, ga keken kayan wanki ya toshe hanya ga lif ɗaya tak na ma'aikata kowa na jiransa, ga waɗanda suka iso tun da rana zaune a ƙasa da jakunkunansu suna kallon agogo. Ba a hutu ran Asabar, kar ma ka tambaya. A kicin kuma tsarin rabin-rabi ne, ka shigo da safe a sallame ka bayan abincin rana ka dawo da yamma har dare ya raba, kuma tukwanen cuku ɗinnan da ya narke ya daskare a gindi sai an jiƙa su da ruwan sanyi tukuna, in ka sa ruwan zafi kai tsaye danƙo yake zama ya bi soson ya lalata shi. Shugaban kicin ɗinmu mutum ne mai faɗa lokacin da oda ta yi yawa amma bai taɓa zagin kowa ba, kuma da an tashi shi da kansa yake zuba mana abinci. Wannan na yaba.

Kuɗi. Mafi ƙarancin albashi a Faransa a lokacin yuro 11.88 ne a awa, tun Nuwamban 2024, wato yuro 1,801.80 a wata kafin a cire haraji da kuɗin inshora in awa 35 kake yi a mako. Otal-otal yawanci awa 39 suke rubutawa, kuma a yarjejeniyar ma'aikatan otal da gidajen abinci awa ta 36 zuwa 39 ana ƙara kashi 10 cikin ɗari, ta 40 zuwa 43 kashi 20, daga 44 zuwa sama kashi 50. A nan gaskiya ba ni da ƙorafi, albashi na shiga kan lokaci, takardar albashi na fitowa da komai a rubuce. Amma kai ma ka riƙa rubuta awanninka a wayarka kullum, domin a Fabrairu lokacin hutun makarantun Faransa, wanda suke rarrabawa shiyya uku don kada duk ƙasar ta taho a mako guda, aiki yana yin yawan da ita kanta manaja ba ta iya riƙe lissafi, hutunka na kwana biyu ya koma ɗaya a ce za a biya ka daga baya. Sun biya, amma wanda ke da rubutu a hannu aka fara biya.

Yanzu masauki, inda raina ya ɓaci. A talla sun ce aiki da wurin kwana, kuma dole ne ma su ce haka domin haya a Val Thorens ba ta mai wanke-wanke ba ce, ɗakunan na masu yawon buɗe ido ne da ake ba su mako-mako da tsada, in ka karɓi aikin da ba masauki albashin duka zai tafi a haya ko kuma ka koma can ƙasa kana hawowa kullum a hanyar da dusar ƙanƙara kan iya rufewa. Toh mu abun da muka tarar ɗaki ɗaya ne a can ƙasan gini kusa da inda injin ɗumama ruwa yake, mu huɗu, gado mai hawa biyu guda biyu, taga ɗaya ƙarama wadda dusa ta rufe rabinta tun Disamba. Ba wurin shanya kaya, kuma wanda bai zauna a irin wurin nan ba ba zai gane nauyin wannan maganar ba, kullum takalmi a jiƙe safa a jiƙe rigar sanyi a jiƙe, mutum huɗu duk sun rataya a jikin hita guda ɗaya, ɗakin ya ɗauki wani irin tururi da wari, bango ya fara baƙi-baƙi a kusurwa. Ga bambancin lokacin aiki, ɗaya yana tashi ƙarfe biyar na asuba domin shirya karin kumallo, ɗaya yana dawowa ƙarfe biyu na dare daga mashaya, babu wanda ke samun barci cikakke. Kuma ana cire kuɗin ɗakin daga albashi duk wata, ba kyauta bane.

Abun da ya fi min ciwo shi ne akwai doka a kai. Dokar ƙwadago ta Faransa ta ce masaukin da mai aiki ya ba ma'aikaci kada ya gaza murabba'in mita 6 ga kowane mutum, kuma a iya riƙe ɗumin ɗakin a digiri 18. Namu da ƙyar ya kai na mutum uku. Mun je a tare mun yi magana, cikin ladabi, aka ce a yi haƙuri gini ya cika, sai bayan tsakiyar Janairu da wasu suka gudu suka bar aikin, kaman yadda ake yi duk shekara in ɗokin farko ya wuce, sannan aka mayar da mutum ɗaya wani ɗakin aka kawo mana injin tsotse laima. Ya yi sauƙi, amma wallahi otal ɗin da ke sayar da ɗaki ɗaya a kuɗin da ya fi albashinmu na kwanaki a dare guda bai kamata sai ma'aikata sun gudu ba kafin sauran su samu wurin numfashi. Don Allah duk wanda zai je ya ce a turo masa hoton ɗakin, ya tambaya mutum nawa ne a ciki, nawa ake cirewa, akwai kuɗin ajiya ko babu, kuma a rubuta a kwantiragi ba a waya ba. Akwai ofishin da ke taimaka wa ma'aikatan kaka a ƙauyen, kyauta, su suka fahimtar da mu haƙƙinmu kuma mutanen kirki ne.

Abinci suna ba da sau biyu a ranar aiki kuma ba a yi mana rowa ba. Sai dai Musulmi ya buɗe ido, girkin Savoie cike yake da naman alade, tartiflette ɗin da kowa ke yabo dankali ne da cuku da gutsattsarin alade, raclette da yankakken alade ake kawo ta, fondue kuma da farar giya ake narka cukun. Da na faɗa musu sau ɗaya suka riƙa ware min kifi ko ƙwai ko taliya ba tare da ɓata rai ba. Azumin Ramadan ya faɗo a watan Maris a shekarar, yunwa ba ta dame ni ba amma ƙishi akwai shi domin iskar can sama busasshiya ce ƙwarai, shugaban kicin ya riƙa ba ni 'yan mintuna in sha ruwa ko da ana tsakiyar oda. Juma'a kuwa sai ka sauka kwari, kuma da irin lokutan aikinmu ba kasafai take yiwuwa ba, wannan ka sa shi a lissafinka tun kafin ka sa hannu.

Jiki ma sai ya saba. Kwanakin farko hawa bene biyu kawai zai sa ka haki, kai ya riƙa sarawa, barci ya ƙi zuwa, leɓe ya tsage hanci ya riƙa fitar da jini kaɗan-kaɗan da safe. Ruwa da yawa da man shafawa ne maganin, yana wucewa. Hatta ruwa a wannan tsayin wajen digiri 92 yake tafasa, shi ya sa shinkafa da taliya ke ɗaukar lokaci. Kuma kar baƙar fata ta ruɗe ka, rana a kan farar dusa tana dawowa fuska ta ƙasa, tabarau mai duhu da man kare rana dole ne, na ga wanda idonsa ya yi jajur yana hawaye kwana biyu saboda ya fita wuni guda ba tabarau.

Toh me ya sa duk da haka na ce 3 ban ce 1 ba? Saboda dutsen. Otal ɗin ya samo mana katin hawa injinan da ke kai mutane saman dutse, na kaka guda, da rangwame aka riƙa cira a hankali daga albashi, ya kuma haɗa mu da shagon da ke ba da hayar takalma da allunan zamiya da sauƙi. Tsakanin aikin rana da na yamma akwai awa biyu zuwa uku, kuma a Val Thorens daga ƙofar gini kake ɗaura alluna ka tafi. Hanyoyin launi-launi ne, kore na 'yan koyo, sai shuɗi, sai ja, baƙi na ƙwararru. Na fara daga kore tare da ƙananan yara da malamansu masu jajayen riguna, a Maris ina sauka ja ba fargaba. Da asuba bayan dusa ta sauka da daddare za ka ji ƙarar fashewa dum, dum daga saman tsaunuka, masu tsaron hanya ne ke tayar da zaftarewar ƙanƙara da gangan kafin a buɗe wa mutane, da daddare kuma ka hango fitilun manyan motocin da ke daddale dusa suna hawa suna sauka a jikin dutse. Ranar da sama ta washe na hau akwatin ɗaukar mutane da ke tafiya a jikin igiyar ƙarfe zuwa ƙololuwar Cime Caron, wajen mita 3,200, ga Mont Blanc can ga tsaunuka jere har cikin Italiya, na daɗe a tsaye ina tasbihi. Baƙi na biyan dukiya su ga wannan na mako ɗaya, mu muna da shi wata biyar.

Amma a sayi inshora. Ceto a kan hanyar zamiya ba kyauta bane a Faransa, in ka karye aka sauko da kai a gadon da ake ja a kan dusa za a miƙo maka takardar kuɗi, kuma rauni a ranar hutunka ba haɗarin aiki bane, wani abokin aikinmu ya yaga jijiyar gwiwa a Janairu kakarsa ta ƙare a nan, ɗakin ma sai da ya bari tunda da aikin aka haɗa shi. Wannan ma wani abu ne da ba sa faɗa a talla, ranar da aiki ya tsaya ranar masauki ya tsaya.

Ƙarshen kaka sun sallame mu yadda ya dace. Kwantiragin kaka ba shi da ƙarin kashi 10 ɗin nan na ƙarshen aiki da ake ba masu sauran kwantiragin wucin gadi, kar ka sa rai, amma kuɗin hutun da ba ka ci ba suna biya, wajen kashi 10 na duk abun da ka samu, kuma shi ne ya zama mafi tsoka a ajiyata. Ka tabbata ka karɓi takardar shaidar aiki da takardar ofishin marasa aiki na France Travail da rasidin lissafin ƙarshe, wanda ko ka sa hannu kana da wata 6 ka ƙalubalance shi. Kuɗin ajiyar ɗaki sun dawo min da shi cif bayan 'yan makonni. Sun turo saƙo suna tambaya ko zan dawo kaka mai zuwa, na amsa musu cewa zan dawo in ɗaki na mutum biyu ne kuma a rubuce, har yanzu muna kan wannan maganar.