Mai gyaran jita a Mabera: hannu akwai, amma sai ka yi haƙuri

Duk mai jitar katako a Sakkwato ya san abin da hunturu ke yi mata. Katakon jita yana son laimar iska kashi 45 zuwa 55 cikin ɗari, mu kuwa daga Disamba zuwa Fabrairu takan sauka ƙasa da kashi 20. Tawa a bana fuskarta ta lotsa, tsirkiyoyi suka kwanta suna zuza, bakin ƙarafunan wuya, waɗanda ake danne tsirkiya a kansu, suka fito suna kartar yatsa, ga jakin da tsirkiyoyi ke hawa ya fara ɗagowa ta baya har takarda na shiga ƙarƙashinsa.

Wani mai kaɗa wa coci ne ya haɗa ni da mai gyaran, a wani ɗan shago a Mabera. Asalinsa kafinta ne, kuma hakan ya nuna a aikinsa.

Abin da ya fara burge ni, bai yi saurin ɗaukar alanki ba, wato ɗan ƙarfen da ake murɗa sandar cikin wuyan jita da shi. Yawancin masu taɓa jita da sun ji zuza sai su hau murɗa sandar ƙarfen da ke cikin wuya, har su lalata ta. Shi ya ɗaga jitar ya hango wuyan da ido ɗaya, ya danne tsirkiya a ƙarfe na farko da na ƙarshe ya duba ratar da ke tsakiya, sannan ya ce, "Malam, ba wuya ba na, ƙishirwa ta." Ya sa ta cikin jakarta tare da jiƙaƙƙen soso a robar sabulu mai huji, ya ce sai katakon ya sha tukuna.

Bayan nan ya cire jakin gaba ɗaya, ya kankare tsohon gam, ya shafa na katako ya matse. Bai yi ɗure da gam mai kama nan take ba, wanda shi ne ke kashe jitoci da yawa a garin nan, domin tsirkiyoyi shida suna jan kusan kilo 70, ba abin wasa ba ne. Ya goge bakin ƙarafunan, ya sassauta sandar wuyan rubu'in murɗa kawai. Yanzu a ƙarfen wuya na 12 tazarar babbar tsirkiya da ƙarfen milimita 2.5 ce, ƙaramar kuma 2. Yatsuna sun huta, sautin ma ya buɗe.

Inda nake da ƙorafi: alkawarinsa na "gobe" yana da tsawo, kuma ba ya ɗaga waya in yana aiki, sai ka hau babur ka je da kanka. Tsirkiyoyin da yake sayarwa marasa suna ne, da wuri suke tsatsa, don haka ni na kai masa na kamfanin D'Addario na kaina. Jitar lantarki kuma ya faɗa mini gaskiya ba fanninsa ba ne, in wayoyin ciki ne sai mai gyaran rediyo.

Kuɗin bai kai kashi ɗaya cikin biyar na sabuwa ba, kuma bai ƙara ko sisi kan abin da muka yi ciniki ba. Ya ce in dawo da ita idan damina ta kankama, wajen Yuli, saboda katakon zai kumbura tsirkiyoyin su tashi, a sake saiti. Zan koma, amma wannan karon sai na tabbatar ba ni da wasa a makon.