Wane injin ƙyanƙyasar ƙwai ya kamata ka saya? A duba wuta tukuna

Jama'a duk wanda ya je sayen inkubeta tambayar farko da yake wa mai shago ita ce "ƙwai nawa yake ɗauka?" Ni kuma a ganina wannan ba ita ce tambayar farko ba. Ta farko ita ce in NEPA sun ɗauke wuta ƙarfe biyun dare me zai faru da ƙwan. Ƙwan kaza kwana 21 yake yi kafin ya fashe, kuma duk tsawon kwanakin nan yana son zafi ya tsaya a kan 37.5 a ma'aunin Salsiyos. In ya huce na awa ɗaya ko biyu ba komai, ai kaza ma tana tashi ta je kiwo ta dawo, amma a kwana a wuni babu ɗumi, to baragurbi za ka kwasa.

Mu fara da ƙananan na roba ɗin nan 'yan Chana da suka cika kasuwa, akwai mai cin 12, 24, 56, har 112. Suna da fanka a ciki da ke watsa zafin, suna da allo mai nuna lamba, da yawansu kuma suna juya ƙwan da kansu. To su ma kashi biyu ne. Akwai mai aiki da wutar NEPA kaɗai, akwai mai layi biyu wanda ke karɓar batir mai bolt 12, da an ɗauke wuta sai ya koma kan batir ba tare da ka taɓa komai ba. Gaskiya in dai ba kana da inbata, wato na'urar da ke ba da wuta daga batir, mai ƙarfi a gida ba, kar ma ka kalli mai layi ɗaya komai arharsa. Mai layi biyun ya ɗan fi tsada amma da batir ɗaya da faifan sola ka rufe maganar, don abin ba ya jan wuta sosai, da ya kai zafin da ake so hitar kashe kanta take yi. Janareta kuwa a bar shi a gefe, kuɗin man sati uku sai ya fi kuɗin tsakin.

Inda waɗannan na roban suke ba da ciwon kai shi ne lambar da suke nunawa ba kullum take gaskiya ba. Allo ya ce 37.5 alhali ciki ya haura ko bai kai ba. Don haka ranar da ka saya ka haɗa da ma'aunin zafi da na danshi daban, ka jefa a ciki daidai tsayin ƙwai, ka kunna injin babu ƙwai ya yi kwana guda kana kwatantawa. In tsaki na fitowa tun kwana na 19 zafi ya yi yawa, in suna kai 23 bai isa ba. Sannan jikinsu siriri ne, sanyin asubahin hunturu yana ratsa su, shi ya sa kwalin soson da aka sako shi a ciki kar ka yar, a ciki za ka bar shi, sai dai kar ka toshe ƙofofin iska.

Sai na gida wanda masu haɗawa ke yi da katako ko tsohon firji, su sa na'urar daidaita zafi da fanka da tiren ruwa. Wannan ina son sa saboda abu biyu, yana riƙe zafi ya daɗe bayan ɗauke wuta, kuma in wani abu ya lalace a garinku za a gyara, ba sai an jira kaya daga waje ba. Amma fa ya danganta da hannun wanda ya haɗa. Kar ka biya kuɗi sai ya nuna maka wani da ya yi wa yana aiki, ka auna zafin tiren sama da na ƙasa ka gani ko sun zo ɗaya, don wani za ka tarar sama na gasa ƙwai ƙasa na sanyi. Ka kuma tambaya juyawar da hannu ce ko da mota. In da hannu ce to ka san aƙalla sau uku kullum ne har kwana 18, ana sa alama da fensir a gefe biyu na ƙwan don kar a rikice, kuma mai fita kasuwa tun safe sai magariba ba zai iya ba sai in uwargida ko yara za su riƙe.

Na kananzir yana nan har yanzu, ya dace da ƙauyen da babu wuta sam, sai dai gadi yake so, lagwani ya ɗan tashi zafi ya wuce, ga hayaƙi ga tsadar kananzir ɗin yanzu. Manyan nan masu kama da kabad masu cin 528 ko 1056 kuwa na 'yan kasuwa ne. Kafin ka yi sha'awarsu ka tambayi kanka ina za ka samo ƙwai ɗari biyar masu zakara waɗanda ba su wuce sati guda da sakawa ba.

Don wallahi rabin asarar da ake ɗora wa inji daga ƙwan ne. Ƙwan kiret na kajin gidan gona da ake soyawa da shayi babu zakara a kansa, ko shekara ya yi a inji ba abin da zai fito. Ana son zakara ɗaya ga kaji kamar goma, ƙwai mai tsabta wanda ba a wanke ba, ba fasasshe ba, a ajiye shi wuri mai sanyi tsinin na kallon ƙasa. In kajin Hausa ne da kai shi kenan, in kana son masu yawan ƙwai akwai ShikaBrown da cibiyar binciken kiwon dabbobi ta NAPRI da ke Shika a Zariya ta fitar, akwai Noiler da mutane suka rungumo don nama da ƙwai. A kwana na 7 ka shiga ɗaki mai duhu ka haska ƙwan da tocila, mai rai za ka ga jijiyoyin jini, wanda yake fayau ka cire shi kar ya fashe ya ɓata sauran.

Maganar danshi kuma yanayinmu ne ke juya ta. Ana son 50 zuwa 55 cikin ɗari har kwana 18, daga nan a daina juyawa a ɗaga zuwa 65 ko 70. Da hunturu iska a bushe take ƙamas, ruwan tire na ƙarewa da wuri, to ka nemi inji da ake zuba wa ruwa ta waje ba sai an buɗe murfi ba. Da damina wani lokaci ruwa kaɗan ya isa. Da bazara kuma a wurare irin su Sakkwato da Maiduguri inda zafi ke haura 40, ka tuna injin ɗumamawa kawai ya iya, ba ya sanyayawa, sai ka nemo ɗakin da ya fi sanyi a gidan, nesa da taga da kwanon rufi. Mai son zabbi ko talo-talo ya duba ko tiren na gyaruwa, su nasu wajen kwana 28 ne.

In tsaki sun fara tsaga ɓawo a yi haƙuri da buɗe-buɗe, kuma kar a ɓare musu, tsako na iya ɗaukar wuni guda yana fama kafin ya fito. A bar su a ciki su bushe su yi gashi buzu-buzu, ba yunwa suke ji ba tunda gwaiduwar da suka shanye tana riƙe su kwana biyu.

Kar ka ƙarar da kuɗinka duka a kan injin, wurin ɗumin tsaki ma sayayya ne. Satin farko suna son zafi 32 zuwa 35, ana rage wajen 3 duk sati. Ƙwan fitila mai zafi ya fi sauƙi amma ya dawo da kai kan maganar wuta, kaskon gawayi ya fi arha sai dai a bar shi ya ruru a waje tukuna kuma a bar kafar iska, hayaƙinsa na kashe tsaki har da mutum. Na gas ya fi tsabta in aljihu zai ɗauka. Tsakin da kansu za su faɗa maka, in sun cure a gindin wuta suna kuka sanyi ne, in sun gudu bango suna haki zafi ne. A shimfiɗa ɓuntun shinkafa ko dusar katako mai kauri, kar a sa leda ko jarida mai santsi ƙafarsu ta baje. Mazubin ruwa mara zurfi, a jefa 'yan tsakuwa a ciki don kar su nutse, abinci kuma na tsaki wato sitata. Rigakafin cututtukan kaji da ake kira Lasota da Gumboro ka je wajen likitan dabbobi ya rubuta maka ranakun, ana yin su a cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom a Filato, kuma ka tabbata daga firji aka ciro maka, ka kai gida cikin ƙanƙara.

Wanda kajinsa ba su wuce biyar ba, kaza mai kwanci tana rufe ƙwai goma zuwa sha biyu kuma ita za ta yi renon. Mai son ya wuce nan ya fara da mai cin 56 ɗin nan mai layi biyu da batirinsa.